An ba ni kujerar mashawarci, na ce a dakata tukuna

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka sam mini fili a jaridarka. In takardar ta yi tsawo ka rage, na san halin tsoho in ya kama alƙalami.

Ni tsohon malamin lissafi ne. Na yi shekara 31 ina koyarwa tsakanin Madawa, Keita da nan Tawa kafin in ajiye alli, har gobe kuma Mushe ake ce mini. Ƙauyenmu yana cikin duwatsun Adar, kuma kamar kowane ƙauye a ƙasar nan, da an cire amfanin gona rabin mazansa sun tafi bida. Wasu suna Abijan, wasu Libiya, wasu Aljeriya, akwai ƴan ƙalilan a Faransa. Muna da ƙungiyar ƴan asalin gari wadda ke tara kuɗi don rijiya, ajin makaranta, gyaran masallaci da ɗaukar marar lafiya zuwa asibiti. Ni na riƙe littafinta shekara tara.

Wata uku da suka wuce ɗan ƙanena, wanda ya yi karatun kwamfuta a Yamai yanzu yake aiki a Abijan, ya turo mini saƙon murya na minti goma sha ɗaya. Ya ce samari sun gaji da littafi da bik, sun gaji da jin "kuɗi suna hannun wane". Ya tuna mini wahalar da aka sha wajen turo kuɗi bayan takunkumin CEDEAO na 2023. Don haka sun yanke shawarar mayar da asusun gari kan abin da ake kira bulokcen, irin ƙungiyoyin nan da Turawa suka raɗa wa suna DAO, waɗanda ake cewa ba su da shugaba ba su da ma'aji.

Ban yi masa musu ba, sai da na zauna na karanta. Idona ya sha wahala da ƙaramin rubutun salula, amma na gane abin. Bulokcen littafin lissafi ne wanda kwafinsa ke ajiye a dubban kwamfutoci a lokaci guda, kowane shafi kuma yana ɗauke da hatimin shafin da ya gabace shi. In ka goge layi ɗaya a baya, hatiman duk shafukan da suka biyo sun lalace, kowa ya gani. A kan wasu irinsa, kamar Ethereum da ya fara aiki a 2015, ana iya rubuta ƙa'ida mai zartar da kanta: in ƙuri'a ta kai kaza, kuɗi su fita zuwa wuri kaza, ba sai an nemi sa hannun kowa ba. A matsayina na wanda ya sha kwana yana neman inda dala ashirin ta maƙale a cikin lissafi, wallahi abin ya burge ni.

Ga tsarin da suka zana. Duk wanda ya zuba jikka biyar ya samu tokin ɗaya, wato shaidar rabonsa da ake rubutawa a bulokcen, kowane tokin ƙuri'a ɗaya ce. Mai son a yi wani aiki ya rubuta buƙatarsa, a yi kwana bakwai ana zaɓe a salula, wadda ta ci kuɗinta su fita. Sai kuma majalisar mashawarta ta mutum biyar: liman, wakilin maigari, wani tsohon manjon likita, wata malamar makaranta, da ni. Har sun nemi hotona don a sa a shafin farko.

Na kira shi. Na ce, "Ɗana, mene ne aikina a cikin wannan majalisa?"

Ya ce, "Shawara kawai, Baba."

Na ce, "In na ce kada a yi abu, aka yi fa?"

Ya ce, "Ai ƙuri'a ce ke yanke hukunci, Baba. Kai ba ruwanka."

Na ce, "To in ba ruwana, me hotona yake yi a shafin farko?"

Ya yi ɗan shiru, yaron kirki ne ba ya ƙarya, sannan ya ce, "Don mutane in sun gan ku hankalinsu ya kwanta su zuba."

Malam Edita, wannan amsar ita ta sa na ɗauki alƙalami, domin na ji labarin ba ƙauyenmu kaɗai ake kawo wa irin wannan tsari ba. Ana son furfurarmu ta jawo kuɗi, amma bakinmu ba zai iya tsayar da ko dala ɗaya ba. Ran da abu ya ɓaci kuwa, tsohuwar da ta sayar da akuyarta ta zuba ba ta san wata kwamfuta ba. Ƙofar gidan Mushe ta sani.

Kada a ce tsoron tsoho ne kawai, don abin ya taɓa faruwa a inda aka haifi wannan fasaha. A 2016 wani kamfani a Jamus mai suna Slock.it ya rubuta ƙa'idar wani asusu da aka kira The DAO, mutane daga ko'ina suka zuba abin da ya kai kimanin dalar Amurka miliyan 150. Dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba. Su ma sun jera sunayen manyan mutane a matsayin masu kula, har da Vitalik Buterin wanda ya ƙirƙiro Ethereum. Ɗaya daga cikinsu, Gavin Wood, ya sauka daga kujerar tun a watan Mayu ana tsakiyar tara kuɗin. Dalilinsa shi ne sunan muƙamin yana ruɗar mutane: suna zaton masu kula sun tantance asusun sun tsaya masa, alhali aikin da aka ba su bai wuce tabbatar da ko wane ne mai neman kuɗi ba. Ran 17 ga watan Yuni wani ya gano ɓaraka a cikin ƙa'idar ya zuƙe kusan kashi ɗaya cikin uku na dukiyar. Da aka rasa yadda za a yi, sai masu rubuta manhaja da masu riƙe da kwamfutocin suka taru suka sauya littafin nan da aka ce ba a taɓa shi, ran 20 ga watan Yuli, don a mayar wa mutane kuɗinsu. Waɗanda ba su yarda ba suka ci gaba da tsohon littafi, shi ne Ethereum Classic na yau. Gida ɗaya ya rabu biyu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina ya zo bayan shekara guda. Hukumar SEC mai sa ido a kan hada-hadar hannun jari a Amurka ta fitar da rahoto a watan Yulin 2017, ta nuna cewa waɗannan masu kula suna da iko mai yawa, tun da su ke buɗe ƙofar da buƙata za ta bi ta isa gaban masu ƙuri'a, kuma kamfanin ne ya zaɓo su, ba jama'a ba. Ka ji fa. Wanda ya zauna a kujerar ya ce ba ta da nauyin da ake zato, mai bincike ya ce ta fi ƙarfin da aka faɗa. Kujerar da ba a rubuta iyakarta ba haka take, ran rabon godiya ta faɗaɗa, ran tambaya ta tsuke. Mu da muka tashi muna jin ba a mugun sarki sai mugun bafade bai kamata a yi mana dogon bayani a nan ba.

Ina cikin wannan karatu wata Alhamis bayan la'asar, matan unguwarmu suka taru a tsakar gidana kamar yadda suka saba, don uwargidana tana cikin ƙungiyar asusu irin ta Mata Masu Dubara. Shekara da shekaru suna wannan taro, ni kuwa in sun zo ficewa nake yi majalisa. Ran nan na ja kujera bakin zaure na zuba ido.

Su ashirin da bakwai ne. Aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin bedi, wata ta shigo da akwatin ƙarfe a ka, ta dire shi a tsakiya. Kwaɗo uku ne a jikinsa. Mata uku suka taso ɗaya bayan ɗaya, kowace ta kwance makulli daga bakin zanenta ta buɗe nata. Kafin a ɗaga murfi shugaba ta ce, "Nawa muka rufe a kai?" Suka amsa baki ɗaya kamar ƴan makarantar allo. Masu ƙirga biyu suka zazzage kuɗin a faranti suka ƙirga da ƙarfi, ya yi daidai. Wata ta makara, ba wanda ya ce mata komai, ta jefa tararta a kwano ta zauna. Sannan wata yarinya ta nemi bashin jikka talatin za ta sari albasa daga Galmi. Sai duk aka juya aka dubi wata tsohuwa da ke jingine da bango tana jan carbi. Ba ta da makulli, ba ta ƙirga, ba ta ajiye akwati. Ta ce, "Ɗiyata, albasa yanzu ɗanya ce, ba ki da rudu na ajiya. Ni dai ina ganin sha biyar ta ishe ki gwaji." Ta yi shiru. Aka yi ta magana, a ƙarshe suka ba ta ashirin.

Da dare na tambayi uwargida, na ce ai ba ku bi maganar Inna ba. Ta ce, "Mushe, ba dole ne mu bi ba. Dole ne dai ta faɗa a gaban kowa kafin a ba da kuɗi. In albasa ta ruɓe kowa ya tuna abin da ta ce, in yarinya ta ci riba ita ma Inna ta ji a jikinta." Ta ƙara da cewa, "Kuma a cikinmu mai makulli ba ta kwana da akwati, mai akwati ba ta taɓa makulli."

Wannan tsari a ƙasarmu aka fara shi, a jihar Maraɗi cikin 1991, tare da ƙungiyar CARE, daga nan ya bazu ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Masu bulokcen ma suna da lalita mai makullai da yawa, wadda ba ta buɗewa sai uku cikin biyar sun sa hannu, suna kuma alfahari da ita. Matanmu da yawancinsu ba su taka lakwal ba sun riga su da kwaɗon kasuwa. Abin da ya fi kwaɗon muhimmanci shi ne sun raba aiki: mai magana daban, mai yanke hukunci daban, mai makulli daban, mai ƙirga daban. A tsarin ɗana kuwa, da na bi diddigi, makullan nan duka suna hannun samari uku da ke kwana a ɗaki ɗaya a Abijan. Ba na zarginsu da komai. Amma makulli uku a aljihun riga ɗaya makulli ɗaya ne.

Yanzu bari in tona wa kaina asiri, don kada a ce ina wa'azi daga kan tudu. A shekarata ta shida ina riƙe da littafi muka ba wani ɗan kwangila aikin rijiyar siminti, mita 42, za a biya shi kashi uku. Kashi na ƙarshe sai wani dattijo daga cikin mashawartanmu na lokacin ya shaida an gama. Takarda ta zo mini nan Tawa da sa hannunsa, na biya. Littafina ya daidaita har dalar ƙarshe, an karanta shi a taro an tafa mini. Da bazara ta kama rijiya ta ƙafe. Na hau babur na je, muka ɗaura dutse a igiya muka zura, na auna igiyar da hannuna: mita 33. Dattijon nan bai taɓa leƙa bakin rijiyar ba, a zaurensa aka kai masa takarda da goro. Da aka tuntuɓe shi sai ya ce shi fa shawara kawai yake bayarwa. Mata suka koma tafiyar kilomita huɗu da jakuna, ni kuma na yi shekara biyu ba na son zuwa gida salla.

Da a ce wannan biyan a kan bulokcen aka yi shi, da ya zauna daram, ba mai goge shi har abada, rijiya kuma tana nan a mita 33. Kwamfuta tana tsare abin da aka gaya mata ne, ba ta zura igiya. Haka nan magini ba ya karɓar tokin, mai sayar da siminti a kasuwar Tawa ma haka. Kuɗin da doka ta sani a nan sefa ce ta bankin BCEAO. Ke nan dole a samu wani mutum da zai canza kuɗin kirifto, wato kuɗin da ke kan bulokcen, zuwa sefa ya kai wa mai aiki. Wannan mutumin shi ne ma'aji na gaskiya, ko an kira shi haka ko ba a kira shi ba, kuma a takardar da aka turo mini mai shafi tara ba a ambace shi ko sau ɗaya ba.

Batun ƙuri'a ma akwai gyara. In jikka biyar ce ƙuri'a ɗaya, to muna da wani alhaji mai shaguna a Abijan wanda shi kaɗai zai rinjayi duk mutanen da ke kwana a ƙauyen, alhali ba shi zai sha ruwan rijiyar ba. A watan Afrilun 2022 wani ya nuna wa duniya ƙarshen wannan hanya a wani asusu mai suna Beanstalk. Ya ajiye buƙatarsa ta kwana guda, sannan ya ciwo bashin kuɗi mai yawa na ɗan lokaci, ya mallaki fiye da kashi biyu cikin uku na ƙuri'u, ya zartar da cewa a tura masa dukiyar, ya biya bashin nan take. Asarar ta kai kimanin dalar Amurka miliyan 182. Bai fasa ƙofa ba, zaɓe ya ci.

Ɗana ya ce akwai magani, wani lissafi da Buterin da Zoë Hitzig da Glen Weyl suka rubuta a 2018, wanda wani dandalin intanet mai suna Gitcoin ya yi rabon tallafi da shi. A nan kam an shigo gonata. Ana ɗaukar saiwar kowace gudummawa, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da gudummawar, a tara, sannan a ninka jimillar da kanta. Mutum ɗaya ya ba da jikka 100, saiwarta 10, a ninka ta koma 100. Mutum 100 kowa ya ba da jikka ɗaya, saiwoyinsu sun taru 100, a ninka ta zama 10,000. Kuɗi ɗaya ne, amma yawan hannaye ya rinjayi nauyin aljihu. Lissafi ne mai kyau, da ina aji da na ba da shi a jarrabawa. Sai dai a ƙasar da mutum ɗaya ke yawo da layin waya huɗu, kuma kowa ya san yadda ake raba jikka-jikka daren zaɓe, alhajinmu ba zai sha wahalar zama mutum ɗari ba. Dole dai a koma ga wanda ya san fuskar kowa, ya ce wannan ɗan wane ne, wancan kuwa ya rasu bara.

Abin mamaki, dokar da muke da ita ta riga ta yi wannan tunani. Dokar ƙungiyoyin gama kai ta OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci na wasu ƙasashen Afirka, wadda aka amince da ita a Lome ran 15 ga watan Disamba 2010, kuma take aiki a Nijar, ta ce kowane mamba ƙuri'a ɗaya gare shi komai yawan abin da ya zuba. Ta kuma raba masu gudanarwa da masu sa ido, mutum ba ya zama a duka biyun. Ƙungiyar da ta yi rajista a kanta tana da suna a gaban alƙali. Asusun da ke rataye a intanet ba rajista, in aka cuce ka wa za ka kai ƙara?

Ba na cewa a jefar da abin da samarin nan suka kawo. Suna da gaskiya a kan abu babba: ɗan bida da ke dakon kaya a Abijan yana da haƙƙin ya buɗe salularsa ya ga inda jikkarsa ta shiga, ba sai ya jira taron salla ba. Mu tsofaffi mun daɗe muna fakewa da "a bar kaza cikin gashinta", shi ya sa suka daina yarda da mu. Na kuma ga wuraren da aka yi ƙoƙarin gyara kujerar mashawarci. A asusun Catalyst na wani bulokcen mai suna Cardano, wanda ya fara a 2020, ba a ba mashawarta ikon yanke hukunci ba. A shekarun farko aikinsu shi ne su karanta kowace buƙata su rubuta ra'ayinsu a fili, su ba ta maki kan amfaninta, yiwuwarta da yadda za a bi sawun kuɗin, sannan masu ƙuri'a su karanta su zaɓa. Da yake ana biyansu, sai da aka sa wasu tsofaffin hannu su riƙa duba aikin mashawartan su ma. Wannan ya fi kusa da abin da Inna take yi a gindin bango.

Don haka na rubuta wa ɗana cewa zan zauna a kujerar, amma sai an rubuta mini iyakarta. Kada wata buƙata ta je ƙuri'a sai kowane mashawarci ya faɗi ra'ayinsa da sunansa, an ajiye shi a littafin nan da ba a gogewa, an kuma karanta shi da Hausa a dandalin gari don waɗanda ba su jin Faransanci kuma ba su da babbar salula. In na ce a yi aka yi asara, a gani. In na ce a bari aka ƙi, shi ma a gani. Hadisi ya ce wanda aka nemi shawararsa amana aka ba shi, amana kuwa ana tambayarta. Kada a ba ni makulli, kada a ba ni ikon tare buƙatar kowa a ƙofa. In ɗan'uwana ne mai neman kwangila in tashi in ba da wuri. Bayan shekara biyu taron gari ya sake zaɓe, in sun gaji da ni kafin nan ma su sauke ni. Lada ba na so, a dai zuba mini mai a babur ran da za a je awo, domin ba zan ƙara sa hannu a kan rijiyar da ban zura wa igiya ba.

Makullai biyar kuma na ce a raba su: biyu a Abijan, ɗaya a Libiya, biyu a gida, ɗaya daga cikin na gidan a hannun mace daga ƙungiyar asusu. Ya ce matan ba su iya riƙe kalmomin sirri goma sha biyu da ake tsare kowane makulli da su ba. Na ce matar da ke riƙe bashin mutum ashirin da bakwai a ka, da ranar biyan kowace, kalma goma sha biyu ba za ta gagare ta ba.

Bai amsa duka ba. A kan ƙuri'a ɗaya ga mutum ɗaya har yanzu muna ja, don yana tsoron alhaji ya janye hannunsa, kuma tsoron nasa ba na banza ba ne, kusan rabin kuɗin bara daga wajensa suka fito. An sa taro kwana uku bayan babbar salla, lokacin da ƴan bida suke gida. Shi zai zo da kwamfutarsa ya nuna wa mutane littafin. Ni kuma na roƙi matan unguwarmu su ara mini shugabarsu da masu makulli uku, sun ce za su zo da akwatin in na biya musu kuɗin mota. Hotona yana nan cikin aljihun jakata, ban tura ba tukuna.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Tsohon malamin lissafi,
Unguwar Bilbis, Tawa.